Lyle da Injin Askirim

Mijin yayata, Lyle Borchardt, bai taɓa jin wata dabara a duniya ya yarda cewa wani ya riga shi saninta ba. Taya yake sayarwa a wani shago da ke bakin babban titi, amma in ka tsaya sauraronsa minti biyar za ka tafi da tunanin cewa bankuna sun tafka asara da ba su ɗauke shi aiki ba. Ni sunana Jolene, ƙanwar matarsa Renata. Gidana yana jikin nasu, kuma ni ce mai raba wasiƙu a unguwar, saboda haka abin da ban gani ta taga ba ina ganinsa a bayan ambulan.

A lokacin da wannan labari ya faru, ana bin gidansu bashi a katin bashi guda biyu. Da farko dala dubu tara da ɗari huɗu ne. Wani ɓangare na injin ɗumama gida ne da ya mutu a tsakiyar sanyi, wani na wayar gyaran haƙoran 'yarsu Opal, sauran kuma na wani injin kwalekwale da Lyle ya saya a hannun abokinsa, wanda har yau bai taɓa tashi ba. Renata tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ita ta ɗauki ragamar biya. Duk wata tana tura dala ɗari uku da hamsin. Ta yanke tashoshin talabijin na kuɗi, ta koma ɗaura wa kowa abincin rana daga gida, ita ke yi wa ƙaramin ɗansu Emmett aski a kicin. Cikin wata goma sha huɗu bashin ya sauko zuwa dubu biyar da ɗari ɗaya.

Abu ɗaya ne ta ƙi taɓawa. Duk Juma'a da yamma su huɗun sukan taka zuwa shagon askirim na bakin tafki, kowa ya zaɓi wanda yake so, a biya dala ashirin da huɗu. Ta taɓa gaya mini cewa da babu wannan fitar, da tun wata na uku ta yi jifa da littafin lissafin ta taga.

Wata Lahadi a watan Afrilu muna cin abinci a gidansu, Lyle ya buga cokali a jikin kofi kamar mai shirin yin jawabi a biki. Ya zaro wata takardar rasit ta shagon taya, bayanta cike da lambobi, ya shimfiɗa ta kusa da kwanon dankali.

Ya ce, "Na gano inda gidan nan yake yoyo."

Ashe wani mai ba da shawarar kuɗi ya ji a rediyon mota. Ya ninka ashirin da huɗu sau hamsin da biyu, ya samu dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in da takwas. Ya ninka sau goma, ya ce ga kuɗin mota nan muna lashewa da harshe. Yara suka daina tauna.

Renata ta ce, "Lyle, ita kaɗai ta rage mana da muke yi don daɗi. Ka bar ta."

Ya ce ai shi ba hanawa zai yi ba, masu ƙaramin tunani ne suke hanawa. Shi gida zai kawo askirim ɗin, a sha kullum in an ga dama, a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba. Na tambaye shi ko saniya zai saya. Ya ce mini, "Ƙanwata, ke dai ci gaba da jefa takardu a akwati, ki bar wa manya lissafi."

Sati biyu bayan haka aka yi gwanjon kayan wani gidan abinci da ya rufe a hanyar fita gari. Ban je ba, amma Curtis, mai sayen tsohon ƙarfe, yana wurin, kuma daga baya ya ba mu labari dalla-dalla. Akwai injin askirim irin na kasuwa, mai hannu uku, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum. Curtis ya taya dala tamanin don ƙarfen jikinsa, bai ƙara ba. Wata mata mai kantin kofi ta bi Lyle har dubu ɗaya da hamsin, ta haƙura. Lyle ya ɗaga hannu a dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Mai gwanjo ya kira dubu ɗaya da ɗari da hamsin yana duban jama'a, Lyle ya zaci wani ne ya wuce shi, ya sake ɗaga hannu da zafin rai. Da kansa ya kayar da kansa, kuma ya fito yana gaya wa mutane cewa abokin takararsa ya tsorata.

Ya ari a-kori-kurar maƙwabcinmu Tou Vang, mai gyaran wutar lantarki, don ɗauko kaya. Tou ya miƙa masa igiyoyin ɗauri, Lyle ya ce abu mai wannan nauyi ba ya buƙatar ɗauri, nauyinsa ne ɗaurinsa. A fitilar kan hanya ta farko ya taka birki, injin ya zamo gaba ya shigo ta gilashin baya ya gaishe shi. Ya iso unguwa da ɓaraguzan gilashi a wuyan riga. Tou ya zagaya motarsa sau biyu, sannan ya ce zai kawo masa takardar mai gyara.

Renata ta fito gareji ta tsaya tana kallon abin. Ta tambaye shi nawa. Ya ce kusan kyauta, mutanen neman kai suke da shi. Ta shiga ciki ta duba katunansu biyu a waya, ba ta ga komai ba, sai ta ɗauka ajiyarsa ta shan kofi ya fasa, ta ƙyale shi.

Ni kuwa na san inda kuɗin ya fito. Tun ƙarshen Afrilu wata ambulan mai jan baki ta fara zuwa da sunan Lyle shi kaɗai, daga wani kamfanin kati da gidan ba su taɓa hulɗa da shi ba. Daga ranar kuma Lyle ya zama mai son motsa jiki. Duk lokacin da na shawo kwana da jakata sai in tarar da shi a bakin layi yana miƙe ƙafa, ya karɓi wasiƙun gidansu wai don ya rage mini tafiya.

Na ce masa, "Yallabai, wannan mai jan bakin fa, budurwa ce ko banki?"

Ya ce kati ne na masu wayo, wata shida babu kuɗin ruwa, kuma kafin wata shida injin ya biya kansa ya biya na Renata. Aikina bai yarda in faɗi abin da ke cikin jakata ba, ko ga 'yar'uwata. Na ce masa dai ya gaya mata da bakinsa kafin takarda ta gaya mata. Ya ce zai gaya mata ranar da zai miƙa mata ribar.

Matsala ta farko ita ce fulogin injin bai shiga kowane soket na gidan ba. Ƙato ne mai ƙafa huɗu, irin na wuta mai ƙarfi. Tou ya leƙa ya ce zai ja masa layi na musamman zuwa gareji a kan dala ɗari shida, kuma wannan farashin maƙwabtaka ne. Lyle ya yi dariya, ya ce waya ce kawai da sukurori, ya kalli yadda ake yi a wayarsa sau biyu. Ya gano cewa injin busar da kaya da ke ɗakin ƙasa, na ƙarƙashin gidan, yana da irin wannan soket ɗin. Sai ya sayo doguwar waya mai kauri, ya zare na busarwa, ya jona nasa, ya fito da wayar ta ƙaramar tagar ɗakin ƙasa, ta ratsa ciyawa ta shiga gareji.

Tun daga nan gidan ya zama sai dai a zaɓa, ko askirim ko busassun kaya. Renata ba ta yi gardama ba. Ta ɗaura igiya a gaban gida, ba a baya ba, kuma ta fara da shanya gajerun wandunan Lyle na ciki, masu hoton kifi. Gwaggo Eunice Pagel, shugabar ƙungiyar unguwa, wadda ta yi shekara arba'in a layin kuma ba ta taɓa barin wani abu ya wuce ta ba, ta tsaya da karenta ta ƙirga su, ta ce ba ta san Lyle yana son kamun kifi har haka ba.

Matsala ta biyu ita ce abin zubawa. Lyle ya ce madarar da kamfani ke haɗawa yaudara ce, shi zai haɗa tasa. Ya zuba madarar shanu da sukari da ƙwai, ya kunna. Injin ya yi gurnani na rabin sa'a, ya tsiyayo wani abu mai kama da ruwan wankin kwano. Emmett ya ɗanɗana ya tambaya ko magani ne. Karo na biyu abin ya daskare a ciki kamar dutse, sai da aka kashe injin kwana guda kafin ya saki. A ƙarshe Lyle ya buga wa masu sayar da haɗin waya, suka ce ba sa sayar da ƙasa da kwali goma. Ya saya, ya ce sari ya fi arha. Kwalayen suka cika firij ɗinsu, suka cika nawa, har sai da na fitar da kazata na ba Tou ajiya.

Gaskiya da haɗin kamfani askirim ya fito, fari, mai laushi, yana murɗewa kamar na shago. Lyle ya tsaya gabansa hannu a ƙugu yana tambayata ko har yanzu ina da abin cewa. Amma injin ba ya aiki sai an cika masa ciki, kuma cikinsa na mutum sittin ne. Yara suka sha ranar farko har Emmett ya yi amai a mota. Rana ta uku Opal ta ce ita tuffa take so. Ranar Juma'a da yamma na gan su zaune su huɗu a gareji a kan kujerun roba, tsakanin injin yankan ciyawa da tsofaffin tayoyi, kowa da kofi a hannu, injin yana ruri har ba a jin magana. Renata tana kallon hanyar tafki.

Da ya ga kaya na neman lalacewa, sai sabuwar dabara ta zo masa, ya ce dama tun farko nan ya nufa. Ya rubuta allo ya kafa a bakin hanya, askirim dala ɗaya. Ya sayo ƙoƙon biskit kwali guda da farar hula irin ta masu dafa abinci. Ya yi mana lissafi cewa in ya sayar da ɗari a rana, kafin ƙarshen Agusta ba mai binsu ko sisi, kuma wataƙila ya buɗe reshe.

Asabar ta farko ya sayar da ashirin da biyu, rabinsu bashi ga yaran layi. Asabar ta biyu wata mata mai gilashi da jakar hannu ta tsaya da mota, ta saya, ta yaba, ta tambaye shi sau nawa yake kwance injin ya wanke. Ina tsaye a wurin. Lyle ya jingina da injin ya yi mata bayani cewa wanki aikin waɗanda ba su san kimiyya ba ne, sanyi yana kashe kowace ƙwayar cuta, shi tun da ya kawo shi ko ruwa bai taɓa shi ba. Matar ta kalli ƙoƙon da ke hannunta, ta naɗe shi a takarda, ta zaro katin aiki. Duba-gari ce. Ta ce ta je ziyarar mahaifiyarta ne ta ga allo. Ba ta ci shi tara ba, amma ta rubuta masa gargaɗi, ta sa ya cire allon a gabanta, ta ce in ta sake jin ya sayar ba lasisi za su haɗu a ofis.

Da ta tafi ya ce mini masu shagon bakin tafki ne suka turo ta, sun ji zafin gasa. Amma da yamma na hango shi yana kwance injin da bokitin ruwan zafi, ya baza sassansa a kan jarida. Da ya mayar, wasu zobban roba guda biyu suka rage a hannunsa. Ya ce na ajiya ne, kamfani kan saka ƙari.

Kwali bakwai suka rage, kuma kwanan lalacewarsu na matsowa. Sai ga bikin unguwa, wanda muke yi duk Asabar ta biyu a watan Yuli, a rufe layi da sanduna, kowane gida ya fito da tebur da abinci. Kowace shekara Gwaggo Eunice tana biyan mai motar askirim dala ɗari biyu daga asusun ƙungiya. Lyle ya je har gida ya same ta, ya ce ta ba shi ɗari da hamsin a matsayin gudummawar wahala, ba ciniki ba, zai shayar da mutum tamanin har su ture. Gwaggo tana son ragi fiye da yadda take shakkar Lyle. Ta ba shi, ta ce in ya kunyata ta zai sani.

Tou ya ja shi gefe ya ce kada ya matsar da injin daga gareji, wayar nan ba ta son ja, kuma hanyar motar gidansu gangare ce. Lyle ya dafa kafaɗarsa ya ce ya gode, amma mutane suna son ganin gwani yana aiki.

Ranar biki zafi ya yi zafi. Tun hantsi ya ɗora injin a kan wani katako mai ƙananan tayoyi, ya turo shi saman gangaren, ya tokare tayar gaba da bulo ɗaya. Wayar ta miƙe tsaf daga tagar ɗakin ƙasa, ba sauran sassauci. A ƙasan gangaren aka jera tebura: naman gashi, masara, salak ɗin dankalin Renata, da tiren soyayyen naɗin kabeji da matar Tou ta wuni tana yi. Curtis ma ya zo, domin surukin Gwaggo ne.

Lyle ya saka farar hularsa, ya yi sanarwa cewa yau ba farin askirim za a sha ba, na sitiroberi ne, sirrin kakarsa. Na san kakarsa, ko shayi ba ta iya haɗawa ba. Ya yanka 'ya'yan itacen manya-manya ya juye su cikin injin tare da haɗin. Yara suka yi layi har bakin titi, amma ya ce girma na shugaba ne, Gwaggo Eunice ce za ta fara. Ta tako cikin farar rigarta ta zuwa coci, ta miƙa ƙoƙo.

Ya ja hannun injin. Ba abin da ya fito. Ya sake ja, injin ya yi wani tari, ya ɗigo ɗigo ɗaya ja a kan takalminta. Gutsattsarin sun toshe bakin. Wani daga baya ya tambaya ko sirrin kakar shi ne a sha da ido. Lyle ya ce a yi haƙuri, injin kasuwa yana da hali, sai wanda ya san shi. Ya soka cokali, ya soka sandar tsire, ya bubbuga gefe da tafin hannu. Cikin injin kuwa ƙara take ƙaruwa, yana rawa a kan katakon.

Tou ya ɗaga murya daga wajen gashi ya ce, "Lyle, kashe shi tukuna."

Lyle ya ce, "In na kashe ya narke. Ka bar ni da aikina, ni ban koya maka gashi ba."

Sai ya kama manyan sukurori huɗu da suka riƙe murfin gaba, ya fara sassautawa don ya leƙa ciki. Na farko ya saki, na biyu ya saki. Bai kai ga na uku ba murfin ya buɗe ta gefe, askirim ruwan hoda ya feso kamar an fasa famfo. Ya sami Gwaggo Eunice daga gilashin ido har gwiwa. Ya sami karenta, ya sami mutum biyar na farkon layi. Lyle ya yi tsalle baya, dunduniyarsa ta shure bulon.

Injin ya fara tafiya a hankali, kamar mai tunani. Lyle ya rungume shi ta baya, takalmansa suna zamewa a cikin abin da ya zube. Wayar ta ja, muka ji ƙarar tagar ɗakin ƙasa ta fito da katakonta gaba ɗaya, sannan wani tartsatsi, sannan fankar baranda da rediyon gidansu suka yi shiru lokaci guda. Injin ya samu 'yanci ya ƙara gudu, yana jan Lyle a baya, taga tana bin su a kan ciyawa. Mutane suka dare. Ya ɗauki teburin farko ta tsakiya, masara ta watse a titi, ya ture na biyu, ya hau gefen hanya ya kife a cikin lambun tumatir na Tou, tayoyinsa suna juyi a sama. Lyle yana zaune a tsakiyar titi, salak ɗin dankali a cinyarsa, hular tana nan daram a kansa.

Ba wanda ya ji ciwo. Da aka tabbatar da haka sai dariya ta ɓarke, yara suna bin karen Gwaggo yana lasar kansa. Lyle ya miƙe yana cewa ƙaramar matsala ce ta murfi, a ba shi minti goma. Gwaggo Eunice ta cire gilashinta ta goge da gefen mayafin tebur, ta miƙa masa tafin hannu tana neman kuɗinta. Ya laluba aljihu, ya ce ɗari da hamsin ɗin sun shiga sitiroberi da wasu abubuwa.

Curtis ya zagaya injin ya taɓa shi da ƙafa, ya ce, "Kai, abin tausayi. Dubu ɗaya da ɗari da hamsin a cikin tumatir."

Renata tana tsugune tana tsince cokula. Ta miƙe a hankali ta ce, "Nawa ka ce, Curtis?"

Curtis ya maimaita, ya ƙara da labarin yadda Lyle ya yi takara da kansa, har yana kwaikwayon ɗaga hannun. Renata ba ta yi dariya ba. Ta juya ta kalli mijinta ta tambaye shi da wane kuɗi. Lyle ya ce magana ce ta cikin gida. Ta ce injin ma na cikin gida ne, ga shi a lambun mutane. Ya kalle ni, ni kuwa na kalli sama. A ƙarshe ya zaro walat ya fito da katin mai jan baki, ya riƙe shi da yatsa biyu, ya fara bayanin wata shida babu kuɗin ruwa.

Ta karɓi katin ta saka a aljihun rigarta. Ta tayar da tebur ɗaya, ta shimfiɗa takardar da aka rufe shi da ita, ta ciro biro daga jakata ta miƙa masa.

Ta ce, "Kai ne mai lissafin gidan. Zauna ka tara mana, kowa ya ji."

Ya zauna. Ya rubuta kuɗin injin, ya ajiye biro kamar an gama. Tou ya tuna masa gilashin mota, ɗari biyu da sittin. Ni na tuna masa kwali goma, tunda firij ɗina ne ya ɗauki rabi. Opal ta ce waya da allo da hula. Tou ya leƙa ɗakin ƙasa ya dawo ya faɗi abin da taga da gyaran wuta za su ci. Wani ya ce teburinsa. Matar Tou ta ce tumatir ta yafe, amma naɗin kabejin ba za ta manta ba. Lyle ya ja layi, ya yi ta motsa baki, ya ce dubu ɗaya da ɗari shida da sittin, kuma in aka duba da kyau ba wani abu ba ne.

Opal ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Baba, ka manta ɗayan da ka riƙe. Dubu biyu da ɗari shida da sittin ne, ban da na Gwaggo."

Nan ne hular ta sauko. Ya riƙe ta a hannu yana murzawa, fuskarsa ta yi ja fiye da rigar Gwaggo. Ya ce wa Renata, a hankali yadda sai mu na kusa muka ji, shi dai so ya yi ko sau ɗaya a ce shi ya fitar da su daga bashi. Ta ce ta sani, amma fiye da wata goma sha huɗu ta yi tana cin burodi da man gyaɗa a wurin aiki, kuma yanzu nasa lokacin ya zo.

Curtis ya taya injin dala arba'in, tunda yanzu ya lanƙwashe. Lyle, ko a wannan hali, sai da ya ja ciniki har arba'in da biyar, ya waiwayo yana duba ko mun lura. Renata ta karɓi kuɗin ta miƙa wa Gwaggo kafin alƙalami. Tou ya tura ɗansa babba da mota ya sayo ƙanƙarar tsotsa kwali huɗu, aka ci gaba da biki.

Tun daga Asabar ta gaba Lyle ya fara bin Tou aiki duk ƙarshen mako, yana ɗaukar tsani da jan waya a cikin rufin gidajen mutane, rabin lada na gilashi, rabi na kati. Tou ya kafa masa sharaɗi ɗaya, kada ya taɓa komai mai sukuri. Ya yi haka har sanyi ya shigo ya fita. Renata ta ci gaba da tura ɗari uku da hamsin ɗinta, ba ƙari ba ragi, ta fara da katin mai jan baki kafin wata shidansa su cika. Sun gama wata bakwai bayan lokacin da ta tsara tun farko.

Sati guda da biyan ƙarshe na kai wasiƙa shagon taya. Na tarar da Lyle ya jingina da kanta, yana yi wa wani saurayi da ya zo faci nasiha a kan bashi. Ya gan ni sarai, bai ko rage murya ba.

Ya ce wa saurayin, "Matata tana da ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Amma ita kati biyu kawai ta yi niyyar biya. Da na shigo maganar, uku muka biya."